Dokar Hana Fita a Ƙasar Birnin Gwari

Ƙasar Birnin Gwari faɗi gare ta. Ƙaramar hukumar ta haura murabba'in kilomita 6,000, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun ɗan ɗara 250,000, warwatse a mazaɓu 11. Noma ne abin yi, masara da dawa da shinkafa da waken suya, sai kiwo, sai haƙar zinariya da aka daɗe ana yi tun zamanin Turawa. Tsakanin gari da gari kuwa daji ne. Akwai Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a hannun En'e, aka ɗaga darajarsa ya zama gandun dajin tarayya a 1999. Yana manne da Kuyambana ta Zamfara, ya miƙe har ya haɗu da dazuzzukan Neja. Babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta nufi Tegina ta ratsa ta cikin gari, wata kuma ta ɓalle ta yi Funtuwa.

Mai son fahimtar tarihin dokar hana fita a nan sai ya riƙe wannan taswira a ransa. Ana tsara doka a Gidan Gwamnati na Sir Kashim Ibrahim, a karanta ta a rediyo, nan take ta isa Kuyello da Randagi da Dogon Dawa. Amma wanda zai tsaya ya ga an bi ta, da wanda zai tsare waɗanda suka bi ta, ba sa isa da wannan saurin. Daga 2011 zuwa 2024 mutanen wannan ƙasa sun zauna a gida da umarnin gwamnati, sun kuma zauna da umarnin masu bindiga, yaransu ne kuma suka fi kowa ji a jika.

Kafin zuwan rediyo

Hana fita tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tsohuwar Birnin Gwari gari ne mai ganuwa kamar takwarorinta, kuma al'adar birane masu ganuwa ita ce a rufe ƙofa da faɗuwar rana, a buɗe da asuba. Falken da dare ya riska a hanya sai ya haƙura ya kwana a zango. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Kwantagora ke kai hare-haren kamun bayi a ƙasar Gwari, wanda ya shige kafin a rufe ƙofa ya tsira, wanda ya makara ya shiga uku. Sarkin da ya sa dokar a cikin ganuwar yake kwana tare da talakawansa. In aka ci gari, har da shi aka ci.

Dokar yara kuwa a cikin gida take, ba a taɓa rubuta ta ba. Da ladan ya ɗaga murya da magariba, uwa za ta leƙo bakin zaure ta ƙwala kira, a tattara ƙanana, a kora kaji akurki, a kunna fitila. Malamai suna kafa hujja da hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim, wanda ya umarci a tsare yara a gida daidai shigar dare, a sake su bayan ɗan lokaci. Kakanni suka ƙara da tasu barazanar ta dodo da aljanu. Bayan an ci tuwo sai dare ya sake buɗewa: masu makarantar dare su ɗauki allo, almajirai su kewaye wuta, 'yan mata su nufi dandali in da farin wata. Yaron da ya wuce lokaci, duk babban da ya gan shi yana da ikon kora shi gida, domin ɗa na kowa ne. Hukuncin bai wuce tsawa ko bulala biyu ba. Wannan doka tana da lokacin farawa, tana da lokacin ƙarewa, mai tilasta ta kuma ya san sunan yaron da na ubansa.

Dokar zamani ta zo da wani fasali. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a, sashe na 305 kuma ya ajiye ikon ayyana dokar ta-ɓaci a hannun shugaban ƙasa. Gwamnoni dai sun saba kiran taron majalisar tsaron jiha su fito da sanarwar hana fita. Irin wannan sanarwa ba ta tambayar shekaru. Ɗan shekara bakwai mai tallan gyaɗa da dattijo mai zuwa masallaci, hukuncinsu ɗaya.

Rikicin birni, dokar jiha

A ranar 16 ga Afrilun 2011 aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Kafin a gama bayyana sakamako arewa ta kama da wuta, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe sama da mutum 800 a jihohi 12 cikin kwana uku, mafi yawansu a jihar Kaduna. Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ta awa 24 a faɗin jiha, har zaɓen gwamna ma sai da aka ɗage shi zuwa 28 ga watan. Haka aka sake yi a watan Yunin 2012. Ranar Lahadi 17 ga wata aka tayar da bama-bamai a coci biyu a Zariya da ɗaya a Kaduna, ramuwar gayya ta biyo baya, aka kulle jihar gaba ɗaya. An sassauta washegari, rikici ya sake tashi, aka mayar da dokar.

Waɗannan dokoki sun yi aikin da aka yi su dominsa. Rikicin cikin gari taro ne ke hura shi. In aka watsa taro, aka zuba sojoji a manyan mahaɗu, aka hana matasan wannan unguwa tsallakawa waccan, cikin 'yan kwanaki zuciya kan huce, a koma daga awa 24 zuwa dare kawai, daga nan a ɗage. Mutanen Birnin Gwari sun shiga cikin waɗannan dokoki don suna cikin jihar. Sai dai abin da ke shirin cin ƙasarsu ba irin wannan rikici ba ne, kuma wata huɗu kacal bayan dokar Yunin 2012 ya nuna kansa.

Da asubahin Lahadi, 14 ga Oktoban 2012, 'yan bindiga suka shiga Dogon Dawa suka buɗe wa masu sallah wuta, suka kashe mutum sama da 20. Rahotanni sun danganta harin da ramuwa, saboda 'yan bangan garin sun daɗe suna takura wa ɓarayin da ke tare hanya da satar shanu. Hausawa sun ce dare rigar mugu, dokar hana fitar dare ma a kan wannan tunani aka gina ta. Mutanen Dogon Dawa kuwa sun kwana a gidajensu lafiya, sun fito a lokacin da ko tsohuwar ƙofar gari a buɗe take, a nan ajali ya same su.

Lokacin da daji ya fara sa doka

Daga nan abin ya yi ta gaba. Satar shanu ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, domin kuɗin fansa sun fi sauƙin ɗauka a kan garke. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji Kamuku da Kuyambana, aka ƙwato dubban dabbobi, aka ɗan samu sararawa. Ba ta daɗe ba. A ranar 20 ga Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kampanin Doka. Ranar Asabar 5 ga Mayu, da rana tsaka, aka afka wa ƙauyen Gwaska, aka ƙone gidaje, aka fara ƙirga gawa 45, adadin ya ƙaru daga baya, akwai yara a ciki. Bayan wannan ne gwamnatin tarayya ta amince a kafa bataliyar soja ta dindindin a yankin, tare da babban ofishin 'yan sanda na shiyya.

A waɗannan shekaru wata dokar hana fita ta kafu, wadda ba a taɓa karanta ta a rediyo ba. Kowa ya san ƙa'idojinta. Ba a kama hanyar Kaduna da sassafe kafin sojoji su fita sintiri, ba a kuma kama ta da yamma. Sunayen Buruku da Udawa da Manini suka zama abin faɗuwar gaba ga matafiya. A ranakun da abin ya tsananta, direbobi kan jeru su jira rakiya: ƙananan motocin haya cike da fasinja, manyan motoci ɗauke da buhunan masara, kowa ya kashe inji yana sauraren motar sojoji. In ta iso sai a tashi a ayari, babu tsayawa ko da fitsari, mai lalacewar taya kuwa sai addu'a. In ba ta zo ba, a sauke kaya a jira gobe. Wasu suka gwammace su zaga ta Funtuwa da Zariya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta cinye yini. Rakiyar ma ba ta zama tabbas ba. A ƙarshen Mayun 2022 an tare wani ayari mai rakiya kusa da Udawa, aka ƙone motoci takwas, aka shiga daji da fasinjoji.

Gona ma ta samu nata lokacin. Gonakin nesa aka bar su ga ciyawa, na kusa a je da hantsi a dawo kafin la'asar. A ƙauyuka da yawa sai an haɗa kuɗi an kai wa 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake kai wa kafin girbi. Dandali ya mutu. Makarantar dare ta koma ta yamma ko ta tsaya. Yaron da a da ake aika shi kiwo ko ɗebo itace aka hana shi wuce bayan gari, a wasu wuraren ma mata da yara kan bar gida da daddare su kwana a jeji, saboda gidan ne za a fara nema. Wannan doka ba ta da ranar ɗagewa, ba a kai ƙararta ko'ina, hukuncin karya ta kuma fansa ne ko rai.

Kullen korona

A kan wannan hali annobar korona ta zo. Gwamnatin Nasir El-Rufa'i na cikin waɗanda suka fi tsanantawa a Nijeriya. An rufe makarantu a ƙarshen Maris na 2020, sannan daga 26 ga watan aka sa dokar zaman gida ta awa 24 a dukkan jihar, bisa dogaro da Dokar Killacewa ta 1926 da tsohuwar dokar lafiyar jama'a ta jihar. Mataimakiyar gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, ita ta riƙe ragamar aikin a farko, domin gwamnan da kansa ya kamu. An hana sallar Juma'a da taron coci, an rufe kasuwanni da iyakokin jiha, aka ware kwana biyu a mako don sayen abinci. A haka aka yi azumi, a haka aka yi ƙaramar salla. Sai a ranar 9 ga Yuni gwamna ya sanar da sassautawa, bayan kimanin kwana 75. Tilasta dokar ma ta ci rayuka. A tsakiyar Afrilu Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonnin farko na kulle, 12 daga ciki a jihar Kaduna, har da waɗanda aka harbe a gidan yari.

A wannan kullen ne gwamnati ta ɗauki matakin da ya fi kama da dokar hana fita ta yara zalla. Tun 2016 jihar ke da dokar hana bara da talla a kan titi, a 2018 kuma ta samu dokar kula da kare yara. Da annoba ta zo, gwamnonin arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu. Kaduna ta ce ta mayar da sama da 30,000, ta kuma karɓi nata daga wasu jihohi. Cikin waɗanda aka kawo daga Kano an samu 65 da cutar. A watan Mayu gwamnan ya yi gargaɗin cewa iyayen da suka sake tura 'ya'yansu almajiranci za su iya shan ɗaurin shekara biyu. An yi hakan ne da nufin kowane yaro ya koma gaban iyayensa. A ƙasar Birnin Gwari kuwa gaban iyayen ne ya zama wurin haɗari, har wasu iyayen kan tura ɗa birni don ya yi nesa da bakin daji.

'Yan bindiga dai ba su shiga kulle ba. Rahoton tsaro na gwamnatin jihar ya nuna an kashe mutum 937, an sace 1,972 a shekarar 2020, Birnin Gwari kuma na sahun gaba cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa.

Makarantu da matakan 2021

Makarantun da aka fara buɗewa a ƙarshen 2020 an sake rufe su a watan Disamba saboda dawowar cutar. Ba a daɗe da komawa aji ba sai satar ɗalibai ta shigo jihar. A ranar 11 ga Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka. Kwana huɗu bayan haka, ranar Litinin 15 ga wata, wajen ƙarfe tara saura na safe, 'yan bindiga a kan babura suka shiga firamaren ƙauyen Rama a Birnin Gwari. Yara suka watse cikin jeji, aka tafi da malamai uku. A watan Yuli aka sace ɗalibai 121 a makarantar Bethel Baptist da ke Chikun, gwamnati ta rufe makarantu 13 da ta ce suna cikin haɗari, daga baya ta ɗage komawar dukkan makarantun jihar har zuwa Satumba. Yaron da ke aji uku a farkon 2020 ya kai ƙarshen 2021 da zangunan karatu a gutsure. A ƙauyukan da malamai suka daina zuwa kuwa, karatun ya tsaya cak ba tare da wata sanarwa ba.

Daga nan gwamnati ta sauya dabara. Tunda ba a iya kulle mutanen daji, sai aka ce a kulle abin da ke ciyar da su. Tsakanin ƙarshen Agusta da Satumban 2021 aka dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da Chikun da Giwa da Igabi da Kajuru. Aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana sare itatuwa da safarar itace da gawayi, aka hana shiga da fita da dabbobi. A ranar 29 ga Satumba Kwamishinan Tsaron Cikin Gida, Samuel Aruwan, ya sanar da haramta hawa babur a faɗin jiha na wata uku a matakin farko, aka kuma taƙaita keke mai ƙafa uku daga 6 na safe zuwa 7 na yamma. Washegari aka yanke layukan waya a wasu sassan jihar, kamar yadda Zamfara ta yi tun farkon watan.

Hujjar a fili take. Ɗan bindiga da babur yake tafiya, da fetur yake tuƙa shi, a kasuwa yake sayar da shanun sata, da waya yake cinikin fansa, da ita kuma masu kai masa rahoto ke tsegunta masa motsin sojoji. Sai dai duk waɗannan abubuwa talaka ma da su yake rayuwa. A ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, babur ne ke kai mai naƙuda asibiti. Injin niƙa da na ban ruwa da jarka ake kai musu mai. Kasuwar mako ce wurin da manomi ke mayar da tiya biyar ta masara ta zama kuɗin magani. Da aka yanke waya, garin da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran agaji, mai ɗa a birni sai ya rubuta wasiƙa ya ba direba, ko ya yi tafiya mai nisa ya nemo inda sabis ke kamawa. A ƙarshen Nuwamba aka maido da layukan. Alƙaluman gwamnati na shekarar sun nuna an kashe 1,192, an sace 3,348.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gwada wannan hanya. A watan Fabrairun 2015 aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa saboda Boko Haram, aka hana fitar dare, aka haramta babur, aka dakatar da cinikin kifi da tattasai. Matasan da ke cin abinci da kabu-kabu da kamun kifi da noman tattasai suka wayi gari babu aikin yi, daga baya hukuma ta sassauta wasu daga cikin matakan. Abin da ya faru a Diffa da abin da ya faru a Birnin Gwari iri ɗaya ne: mai bin doka shi doka ke fara kamawa.

A 2022 wani sabon mai iko ya bayyana a gabashin masarautar Birnin Gwari. Tun a Fabrairun 2020 'yan sanda suka kai samame sansanin ƙungiyar Ansaru a dajin Kuduru, amma ba a tumɓuke ta ba. Ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru na wa'azi a ƙauyuka irin su Damari da Tsohuwar Kuyello, suna jan matasa, suna auren 'yan matan gari, har sun hana harkokin siyasa. A watan Yulin 2022 Gwamna El-Rufa'i ya rubuta wa Shugaba Muhammadu Buhari cewa 'yan ta'adda na kafa tasu gwamnatin a yankin. Saurayin da makarantarsa ke rufe, kasuwarsa ke rufe, gonar ubansa ta gagara, shi ne wanda irin waɗannan mutane suka fi samu a sauƙaƙe.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka ɗaruruwan birane suna da dokar da ta hana 'yan ƙasa da shekara 17 ko 18 yawo da daddare, Shugaba Bill Clinton ma ya goyi bayanta a 1996. Ingila ta ba ƙananan hukumomi irin wannan iko a 1998 a kan yara 'yan ƙasa da shekara 10. A Faransa, dokar ta-ɓacin 2005 ta ba da damar hana yara fita a wasu garuruwa. Sai dai bitar da masu bincike na Campbell Collaboration suka fitar a 2016 ta nuna irin waɗannan dokoki ba su rage aikata laifi tsakanin yara ba, ba su kuma rage cutar da su ba. Duk sun ginu ne a kan zaton cewa haɗari a titi yake, gida da makaranta kuma mafaka ne. A bakin dajin Kamuku har cikin aji ake bin yaro.

Shekarar 2024

Da safiyar 7 ga Maris na 2024, bayan an tashi daga taron safe, aka kewaye makarantar Kuriga, garin da ke kan hanyar Birnin Gwari a Ƙaramar Hukumar Chikun. Sakandaren garin ma an riga an dawo da ita harabar firamare saboda tsoron hari. An fara cewa 287 aka sace, ranar 24 ga watan aka sako yara 137 a jihar Zamfara, wanda gwamnati ta ce shi ne ainihin adadin. A watan Agusta kuma, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, Gwamna Uba Sani ya sa dokar awa 24 a biranen Kaduna da Zariya. Cikin waɗanda aka kama a Kano da Kaduna akwai ƙananan yara, waɗanda suka shafe wata uku a tsare. Da aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba, wasu suka yanke jiki suka faɗi. Ƙasa ta ɗauka, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

A ƙarshen wannan wata, ranar Alhamis 28 ga Nuwamba, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, masarautar Mai Martaba Malam Zubair Jibril Mai Gwari II, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka ce sun tuba, ya kuma buɗe karar shanu da ta yi kimanin shekara 10 a rufe. Sulhun ya biyo bayan watanni ana tattaunawa, gwamnati kuma ta ce ba ta biya ko kwabo ba. Motoci suka dawo kan hanya, manoma suka fara leƙa gonakin da suka bari. Akwai masu ɗari-ɗari, kuma suna da dalili, domin an yi irin wannan sulhu a Zamfara da Katsina a 2019 bai ɗore ba.

In aka dubi waɗannan shekaru a jere, za a ga dokar hana fita bashi ce da hukuma ke ci a wurin talaka. Ranar da ta ce masa ya zauna a gida, ta ɗauki alkawarin tsare gidan, da na faɗa masa ranar fita. A Kaduna da Zariya ta kan biya cikin kwanaki, shi ya sa mutane ke gunaguni amma su bi. A Birnin Gwari an karɓi babur da kasuwa da waya da zangon karatu, tsaron da aka yi alkawari kuwa ya makara, har mutane suka koma biyan wani mai iko don su yi noma. Annoba za ta sake zuwa wata rana, rikici ma haka, za a kuma sake zama a majalisar tsaro. Kafin a karanta sanarwa ta gaba, haƙƙin mutanen wannan ƙasa ne a faɗa musu jami'ai nawa za su kwana a ƙauyukansu, yaushe dokar za ta ƙare, da kuma inda yaransu za su yi karatu kafin ta ƙare.